Ikko da Mutanen Arewa



Birnin Ikko, wanda Allah cikin hikimarsa ya girka bisa tsibirai da fadamu, tsakanin tafki da Tekun Atalantika, har ya zamana sai da gadoji ake sada unguwa da unguwa, ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe, ko da yake nisansa da Katsina ya haura kilomita dubu.

Bayan da Ingila ta karɓe garin a 1861, ba a yi shekara uku ba wani jami'in Ingila mai suna Glover ya tara Hausawa, galibinsu bayin da suka kuɓuta, ya kafa rundunar da masana tarihi ke ɗauka a matsayin asalin sojan Nijeriya. Alhali kuwa a lokacin Bature bai mallaki ko taƙi ɗaya na ƙasar Hausa ba, abin da ya cancanci a yi masa tsokaci. Da dogo ya iso Kano a 1911, sai fataken goro, waɗanda a da suke shafe watanni bisa hanyar Gwanja da jakuna, suka karkata kudu, zangon Agege da ke Ikko ya bunƙasa da masallatansa da malamansa da Sarkin Hausawansa.

An mai da mazaunin mulki daga Ikko zuwa Abuja a 1991, amma tashar jiragen ruwa ta Apapa ba ta ɗaukuwa a kai, saboda haka dukiya ta tsaya inda take, kuma har yau shanu da wake da albasar Arewa can suke dosa.