Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Kiyaye Lafiyar Jarirai

Arzikin kowace ƙasa mutanenta ne, mutane kuwa daga jarirai su ke farawa. Saboda haka hakimin da ya ke son gundumarsa ta bunƙasa, lalle ne ya sa ido a kan yaran da ba su kai shekara 5 ba, domin a cikin waɗannan shekaru ne mutuwa ta fi ɗauka. Yawancin cututtukan da ke kashe su kuwa, watau zawo, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon huhu, duk suna da magani ko riga-kafi. Abin da ya rage shi ne sanin ya isa ga iyaye. Talaka kuma ya fi jin maganar da ta fito daga bakin hakiminsa da dagacinsa bisa ga ta baƙo.

Abu na fari shi ne ranar haihuwa. Ya kamata a yanke cibiya da sabuwar reza mai tsabta, kada a shafa mata toka ko ƙasa ko kashin shanu, sai dai maganin da malaman asibiti ke bayarwa. Ta wannan kafa ce ƙwayar ciwon sandarewa ke shiga, jariri ya kasa kama nono cikin kwanakinsa na fari, jikinsa ya ƙage. Haka kuma cire belu da wanzamai ke yi ba ya hana wata cuta, sai ma ya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Abu na biyu shi ne nono. A wurare da yawa a kan tatse dakashi a zubar, bisa zaton ƙazanta ne. Alhali kuwa wannan nono na fari mai kauri shi ne garkuwar jariri, domin yana ɗauke da abin da ke yaƙar cuta. A sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwarsa. Daga nan har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ya bukatar ruwa ko da a tsakiyar bazara ne, gama mafi yawan nono ruwa ne. Ruwan da a ke ɗura masa kuwa sau da yawa shi ke kawo zawo. In ya cika wata 6, sai a fara ba shi kunu mai kauri wanda aka gauraya da gyaɗa ko wake ko waken suya, tare da ƙwai, da kifi, da ganyen zogale, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kunun da ya zama ruwa tsululu cika ciki ya ke yi kawai, shi ne kuma ƙofar tamowa. Zuma kuwa a dakata da ita sai yaro ya shekara.

Abu na uku shi ne zawo. Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. In an ga idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa, fitsarinsa ya ragu, to, alamar ke nan. Faɗawar maɗiga alamar ƙishirwar jiki ce, liƙa mata magani a ka ba ya komar da ruwan da ya fita. Sai a sami ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, a kaɗa ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Kada a daina ba shi nono ko abinci. In ya kasa sha, ko an ga jini a bayan gidansa, a kai shi asibiti nan da nan.

Abu na huɗu shi ne riga-kafi. A kan yi wa jariri na fari da zarar an haife shi, sa'an nan a koma da shi yana da mako 6, da mako 10, da mako 14, sai kuma wata 9 domin ƙyanda da shawara da sanƙarau, sa'an nan wata 15 domin allurar ƙyanda ta biyu. A asibitocin gwamnati kyauta a ke yi. 'Yar masassarar da kan biyo bayan allura takan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Dattawa ba su manta da agana ba, yadda ta makantar da mutane ta ɓata fuskoki. Lamba ce ta kawar da ita, har a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar ta ƙare a duniya duka. Haka kuma shan inna. A 2003 jita-jita ta sa aka tsai da riga-kafinta a Kano da wasu jihohin Arewa, cutar ta sake yaɗuwa har ta ƙetara zuwa ƙasashen maƙwabta. Bayan an koma yi a 2004, sarakuna suka shiga gaba, suna ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a bainar jama'a. Ganin haka talakawa suka sake jiki. An ga na ƙarshen masu kamuwa da ƙwayar ta daji a Borno cikin 2016, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Amma mashaƙon da ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, ya fi kama yaran da ba a yi wa riga-kafi ba, ya nuna cewa in aka yi sakaci cuta takan dawo.

Abu na biyar shi ne sauro. Uwa da ɗanta su kwana cikin gidan sauro kowane dare. Da damina ma'aikata kan bi gida gida sau ɗaya a wata da maganin riga-kafin zazzaɓi domin yara daga wata 3 har kusa da shekara 5, sai a karɓe su hannu biyu. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa tun ranar, kada a jira sai ya fara jijjiga. Haka wanda numfashinsa ke sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, gama wannan alamar ciwon huhu ce.

Aikin hakimi a nan shi ne ya tara dagatai da masu unguwanni da limamai da ungozomomi, ya bayyana musu waɗannan abubuwa, ya kuma gargaɗi magidanta su ba matansu izinin zuwa asibiti tun kafin bukata ta taso. Yara da yawa sun salwanta uwa tana zaune tana jiran mai gida ya komo daga kasuwa. Malamin hakimi kuma ya riƙe littafi, ya rubuta kowace haihuwa tun kafin ranar suna, ya duba wanda ranar allurarsa ta wuce, ya sanar da mai unguwarsu domin a nemo shi.

Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani. Allah ya raya zuriya, ya taimaki shugabanni bisa riƙon amanar da aka ɗora musu, amin.