Uwa a Kakar Zaɓe: Ƙuri'arta da Ɗanta



Sai a 1976 matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU sun sha duka da ɗauri a kan wannan haƙƙi. Yau duk wanda ya leƙa rumfar zaɓe zai tarar da mata sun ja layi tun da sanyin safiya, goyo a baya, wani yaron riƙe da bakin hijabi, alhali ba a ɗora tukunya a gida ba. Amma cikin kujeru 109 na Majalisar Dattawa ta goma, huɗu kacal mata suka samu. Ana son ƙuri'ar uwa, ra'ayinta ne ba a tambaya.

Ku tuna zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. Canjin kuɗi ya sa tsaba ta yi wuya, uwa ta yini a wurin mai POS ta dawo hannu rabbana. A cikin wannan hali aka riƙa bin lunguna da taliya da sabulu da atamfa. Ni ban ga laifin wadda ta karɓa ba, yara ne ke kukan yunwa a gabanta. Laifin na wanda ya jira yunwar ta kama su ne, sannan ya zo sayen shekara huɗu da ƙullin taliya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗanta. A Kano ana ce wa 'yan bangar siyasa 'yan daba, a Bauchi sara-suka, a Gombe Kalare. Duk sunan da aka ba su, kowannensu wata ce ta yi naƙudarsa, ta yi jego, ta yaye shi. Da guguwar zaɓe ta taso sai a saya masa ƙwaya, a danƙa masa gora ko barandami, a cusa shi a motar kamfen. Uwar tana ɗaki ba barci, ko motsin ƙofa ta ji sai gabanta ya faɗi. In an sare shi ita ce mai jinya a asibiti, in an kama shi ita ce za ta sayar da akuyarta ta nemo beli. A tarzomar da ta biyo bayan zaɓen 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa sama da mutum 800 suka rasa rayukansu. Waɗanda suka hura wutar sun daɗe da shiryawa, wasu ma jam'iyya ɗaya suke yanzu. Iyayen da suka yi zaman makoki fa?

A cikin gida kuma wani nauyin ne: maigida na wannan jam'iyya, babban ɗa na waccan, ita ce mai ba kowa haƙuri, sannan ranar zaɓe a faɗa mata inda za ta dangwala.

Iyayenmu mata, ƙuri'a sirri ce, daga ke sai Ubangijinki. In ɗan takara ya aiko da saƙo, ki tambaye shi maganin asibitin unguwa da malaman firamare. In ya aiko a ɗaukar masa ɗanki, ki ce ya fara kawo nasa. Ku kuma mazaje, ku bar mata su zaɓi wanda ransu ya kwanta da shi.