Babin Darwin da Amanar Malami

Shugaban reshe, iyayenmu a aikin koyarwa, 'yan'uwa malamai na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni.

A manhajar ilimin halittu ta ajin ƙarshe na sakandare akwai babin da wasunmu suke tsallakewa: bayanin Lamarck da na Charles Darwin, wanda littafinsa ya fito a 1859, game da yadda halittu suke sauyawa bisa tsawon zamani. Wani yakan tsallake shi don gudun fushin iyaye, wani don kada abokin aiki ya yi masa kallon mai raunin imani. To amma WAEC da NECO suna tambaya a kansa, kuma ɗalibin da ba a koya wa ba shi ke biyan bashin tsoronmu.

Aikinmu shi ne mu isar da ra'ayin yadda masu shi suka faɗe shi. Darwin bai ce biri ne ya haifi mutum ba; cewa ya yi su biyun sun haɗa asali mai nisa, kuma halittar da ta fi dacewa da muhallinta ita ke wanzuwa ta yaɗu. Wani sashe na wannan muna ganinsa a gida. Kulorokwin ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro domin masu jure masa ne suka tsira suka hayayyafa. Yaron da yake burin zama likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, nan kusa da mu, dole ne ya fahimci haka.

Game da asalin ɗan Adam kuwa, ɗalibanmu Musulmi da Kirista sun zo da imaninsu cewa Allah ne ya halicci Annabi Adamu. Ba mu da hurumin yi wa wannan imani ba'a. Fahimtar ra'ayi daban, gaskata shi daban, kuma fahimta jarrabawa take aunawa. Idan ɗalibi ya yi musu, mu saurare shi har ya kai aya, sannan mu amsa masa da hujja.

Tarihi ya nuna mana inda rashin haƙuri yake kaiwa. A 1925, a jihar Tennessee ta Amurka, an gurfanar da malami John Scopes a kotu, aka ci shi tarar dala 100 saboda koyar da wannan darasi. A ƙasarmu kuwa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsawata wa ɗaliban ilimi masu gaggawar kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi ba.

Saboda haka muna kira ga kowace makaranta a reshen nan: a koyar da babin a lokacinsa, malamin kimiyya da malamin addini su zauna su tattauna tun kafin darasin, kuma ƙungiya ta tsaya wa duk malamin da aka zarga don ya bi manhaja. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani da haƙurin zama da juna.