Jawabi Kan Kocin Makarantun Sakandare a Amurka

Yau za mu duba dalilin da ya sa kocin ƙwallo a makarantun sakandaren Amurka ba ya daɗewa kan aikinsa. Ƙwallon nan tasu irin ta zari-ruga ce, a rungume ta a sheƙa.

Mu ɗauki garin Odessa a jihar Texas. A 1988 makarantar Permian ta sha kashi a wani wasa, sai kocinta Gary Gaines ya tarar an kafa allunan sayar da gida a ƙofarsa, wato ya tattara ya bar gari. A 1989 ya ciwo musu kofin jiha, sai jami'ar Texas Tech ta ɗauke shi. Kun gani ke nan: in ya faɗi a tsangwame shi, in ya ci a janye shi.

Ga kuma iyaye, kowa so yake a sa ɗansa. Sau da yawa kocin malamin aji ne, ɗan alawus ake ƙara masa, ga aiki har dare.

To, mu ma da muke da masu horar da yaran unguwa, mu ba su lokaci. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.