Ƙanƙarar nesa da damanarmu

 

Kowa ya san ƙanƙara. Akwai wadda ke faɗowa da hadari ta ɓata hatsi. Akwai wadda ake saidawa kasuwar Ƙonni lokacin azumi. Yau zancen wata ƙanƙara za mu yi, wadda ke nesa da mu, amma ta shafi gonakinmu.

Can ƙarshen duniya wajen arewa akwai wata ƙasa, sunanta Girinlan. Ƙanƙara ta rufe ta kusan duka. Wani wuri kaurinta ya kai kilometir 3. In ta narke duka, ruwan teku zai tashi da wajen metir 7. Yanzu duniya na ƙara zafi, saboda hayaƙin fetur da gawayi da gas. Ƙanƙarar tana raguwa shekara da shekara.

Wa ke auna ta? Malaman jami'a da manyan ɗalibansu masu neman digirin dokta. Suna haƙa ta kamar rijiya, su fiddo guntaye. Cikin guntayen akwai iskar zamanin da, wadda ƙanƙara ta rufe. A ƙarshen duniya na kudu, sun fiddo ƙanƙara mai shekara 800.000. Da haka sunka san yadda zafi da sanyi sunka sauya.

To, ina ruwanmu? Ruwan damanarmu daga tekun Atalantika iska ke kawo shi. A 2017 wasu masana na Faransa sunka buga bincikensu. Sun ce in ƙanƙarar Girinlan ta narke da sauri, ruwanta zai shiga teku ya rage gudun ruwan ɗumi mai tafiya arewa. Sai hadari ya ja kudu, damanar Sahel ta yi rauni. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san ma'anar wannan.

Nijar ma tana da masu wanga ilimi. Bayan fari anka buɗe cibiyar Agirimet a Yamai, a 1974. Jami'ar Abdu Mumuni tana koyar da ɗaliban ƙasashen Afirka ta Yamma ilimin sauyin yanayi.

Mu nan, ga aikinmu. Mu kiyaye barajin Mozage da na Zongo, don ƙasar da ruwa ke kwasowa tana cike su. Mu bar sabbin itatuwa su girma cikin gona. Mu saurari labarin ruwa a rediyo kafin shuka. In akwai ma'aunin ruwa garinku, wanda ya iya rubutu ya riƙa rubuta abin da ya faɗo. Kuma mu bar yara lakwal, mata da maza. Cikinsu za a samu mai yi mana wanga bincike gobe.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an haɗa da sabon sani. Allah ya ba mu damana mai albarka.