Haruffan Times da Ƙugiyar Hausa



Haruffan nan masu 'yan ƙafafu da muke gani a takardun ofis, wato Times New Roman, don jaridar The Times ta Landan aka yi su. Stanley Morison ya tsara, Victor Lardent ya zana, suka fara fitowa ran 3 ga Oktoba, 1932. An matse su don shafi ya ci labari da yawa ba tare da ido ya gaji ba. Jaridar ta bar su a 1972, amma kwamfuta ta yaɗa su ko'ina.

To, da yake don Turanci aka ƙera su, da farko babu ɓ, ɗ da ƙ. Mu da muka yi firamare a Jabo ta ƙasar Tambuwal mun ga malamanmu suna ɗora ƙugiya da biro kan takardar jarrabawa, don kada ƙasa ta zama kasa, ƙara ta koma kara.

Tun 1991 tsarin Unicode ya ba haruffanmu gurbi. Saboda haka duk wanda ya kama aikin gwamnati a cikinmu, ya buga wasiƙa babu ƙugiya, ba shi da hanzari. Mu kiyaye.