Bayin da Aka Ƙwato a Teku: Ina Suka Ƙare?



A shekarar 1807 majalisar dokokin Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta fataucin bayi. Shekara na zagayowa ta tura jiragen yaƙi su riƙa sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suna tare jiragen bayi, ta kuma kafa kotu a Firitawun, ƙasar Saliyo, inda ake yanke wa jiragen hukunci. Daga 1808 zuwa wajejen 1860 an kama jirage kimanin 1,600, an ƙwato mutane kusan 150,000. Adadi ne mai yawa, amma a bayan wannan haramci sai da aka ƙetare da 'yan Afirka kimanin miliyan 3, akasari zuwa Brazil da Kyuba. Littattafan makaranta kan tsaya a wurin kamun jirgin. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne abin da ya sami mutanen bayan an kwance musu mari.

Wanda aka ƙwato a tekun Legas ko na Kalaba ba a nan ake sauke shi ba. Sai an kora jirgin har Firitawun, tafiyar makonni, mutane na cunkushe a cikinsa, atuni da agana na ta ɗibarsu. Ko an iso, sukan jira hukuncin kotu. Dokar 1807 ta yanka wa matuƙan da suka yi kamun lada a kan kowane kai: fam 40 namiji, fam 30 mace, fam 10 yaro.

Bayan hukunci sai a kai su wani shinge da ake kira Farfajiyar Sarki. Nan akawu zai zauna da babban littafi, tafinta na gefensa. Ya rubuta sunan mutum yadda kunnensa ya jiyo, ya ƙiyasta shekarunsa, ya auna tsayinsa, sannan ya dubi fuskarsa ya bayyana zanen da ke kumatu da goshi. Askar da wanzamin garinsu ya yi masa ranar suna don a san asalinsa, ita ce ta koma shaidarsa a takardar Bature. Waɗannan littattafai suna nan har yau, ɗauke da dubban sunaye.

Ba wanda aka tambaya ina yake so ya je, kuma hukuma ba ta da tsarin mayar da kowa gida. Majiya ƙarfi da dama an sa su soja. Yara kuwa an rarraba su ga mazauna gari da sunan koyon sana'a, har tsawon shekara 14 bisa doka. Gwamnan Saliyo na 1808, Thomas Perronet Thompson, da kansa ya ce wannan tsari bauta ce aka sauya wa suna, kuma bai daɗe ba aka kira shi gida. Daga shekarun 1840, bayan Birtaniya ta soke bauta a yankunanta, gonakin rake sun rasa ma'aikata, sai aka shiga kwasar mutanen zuwa Jamaika da Tirinidad da Gayana aikin ƙodago. An gudu ba a tsira ba. A tsibirin Sent Helena, inda aka sauke kimanin 25,000 daga 1840, kusan 8,000 sun mutu an binne su a wani kwari. A 2008, masu binciken kufai suka tono ƙasusuwan mutum 325 a wurin, ba a sake binne su ba sai 2022.

Ban faɗi haka don in rage darajar sintirin ba. Matuƙa da yawa sun mutu da zazzaɓi a bakin wannan aiki, kuma wanda aka sauke a Saliyo ya fi wanda aka kai gonar rake a Kyuba sa'a nesa ba kusa ba. Sai dai 'yancin da mutum ba shi da ta cewa a cikinsa ragagge ne. Abin da ya cike giɓin shi ne ƙwazon mutanen da kansu. A ƙauyukan Rijent da Kisi da Hestins sun yi noma, sun shiga kasuwanci, sun sa 'ya'yansu makaranta. Daga 1839 wasu suka haɗa kuɗi suka sayi jirage suka koma Badagiri, daga can zuwa Abeokuta da Legas, inda aka san su da Saro. Samuel Ajayi Crowther, yaron da aka ƙwato a 1822, ya zama bishop a 1864.

Kada wani ya ɗauka labarin mutanen bakin teku ne kawai. Ali Eisami Babarbare ne, aka kama shi a Barno, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu ta ƙasar Hausa har ƙasar Yarabawa. A 1818 aka ƙwato jirgin da ya ɗauko shi, kuma shi ne daga baya ya koya wa wani mai nazarin harsuna, Sigismund Koelle, Barbarci a Saliyo. Littafin Koelle na 1854, Polyglotta Africana, yana ɗauke da kalmomin Hausa da aka ji daga bakin Hausawan Firitawun. Wani mai nazarin harsunan, J. F. Schön, shi ma a wurin irin waɗannan bayin Allah ya fara koyon Hausa, har ya buga littafin kalmominta a 1843. Tilas mu yarda cewa kafin su kai hannun Bature, ta kasuwanninmu suka bi.

Don haka ina roƙon ɗalibanmu na tarihi da na harshe ku nemi littattafan rajistar Firitawun, an sa da yawansu a intanet. Akawun da ya rubuta sunayen bai san Hausa ba, bai san Barbarci ko Nufanci ba. Ku kun sani, kun kuma san zanen kowane gari. Ku zauna ku tantance mana su wane ne namu a ciki.